Kafin ka yanke wa faifai hukunci: yadda ake gano matsalar waya da tamineta a na'urorin adana bayanai

Faifan da ke ɓacewa daga kwamfuta yau ya dawo gobe, ko na'urar tef da ke tsayawa a tsakiyar kwafi, ko faifan waje da ke ta ƙas-ƙas ya ƙi tashi, da zarar an gan su sai ka ji an ce "ai ya mutu". A cire shi, a sayo sabo, a ɗora a kan wayar nan dai da ta haddasa matsalar, bayan kwana biyu sabon ma ya ɗauki halin tsohon. An bar jaki ana dukan taiki. Waya, wato kebul ɗin da ke haɗa faifai da kwamfuta, tana cikin abubuwa mafi araha a akwatin kwamfuta, kuma ita ce ake mantawa da ita har sai an gama zargin kowa. Jagorar nan ta juya tsarin: a wanke waya, da wuta, da tamineta (abin da ake rufe ƙarshen layin waya da shi) tukuna, sannan a waiwayi faifai.

Abu biyu kafin ka taɓa komai. Idan faifan yana karantuwa yanzu, ko da a daddafe ne, kwashe abin da ba za ka iya rasawa ba ka kai wani wuri. Gwaji yana wahalar da faifai, kuma idan ashe shi ne mai ciwon, kada garin gyaran gira a rasa ido. Na biyu, kashe kwamfutar ka zare wayar wutarta. Tsofaffin wayoyi masu faɗi na IDE da SCSI, wato tsofaffin tsarin haɗa faifai da kwamfuta, ba a cire su ko a soka su da wuta a jiki. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kama kati ko faifai, don wutar da jiki ke tarawa ta sauka.

Mataki na farko: tambayi faifan da kansa

Kusan kowane faifan IDE na baya-baya da duk na SATA, tsarin da ya gaji IDE, yana riƙe da lissafin lafiyarsa da ake kira SMART. Manhajar smartctl tana karanta shi a Linux da Windows da Mac, a Windows kuma akwai CrystalDiskInfo ga wanda ba ya son rubuta umarni. Lambobi huɗu nake fara dubawa. Lamba 5 tana ƙirga gurabun da suka lalace aka musanya su, 197 gurabun da ake shakka a kansu, 198 kuma waɗanda suka ƙi karantuwa. Waɗannan ukun ciwon cikin faifai ne, canza waya ba zai warkar da su ba. Ta huɗun ita ce 199, wadda wasu manhajoji ke rubutawa C7. Tana ƙirga sau nawa bayanai suka lalace a hanya tsakanin faifai da kwamfuta. Idan 5 da 197 da 198 duk sifili ne amma 199 tana hawa, to hanya ce ba ta da kyau: waya, ko soket, ko wuta.

Lamba 199 ba ta komawa sifili bayan an gyara. Mutane da yawa sun canza waya, suka ga adadin yana nan, suka ɗauka gyaran bai yi ba. Rubuta adadin a takarda kafin ka fara, abin lura shi ne ko ya ƙaru.

Akwai wani gwajin da ke raba gardama. Umarnin smartctl -t long yana sa faifai ya karanta jikinsa duka a cikin gida, bayanan ba sa bi ta waya. Faifan da ya ci wannan jarrabawa lafiya amma yake sarƙewa duk lokacin da ake kwafar manyan fayiloli ya riga ya nuna maka inda za ka duba.

Kwamfutar ma tana ajiye nata bayanin. A Linux, umarnin dmesg zai nuna saƙonni irin su "hard resetting link" ko "BadCRC" ko "limiting SATA link speed to 1.5 Gbps", wato tsarin ya gaji da kurakurai ya rage gudu don a samu a tsira. A kundin aukuwa na Windows, lamba 129 tana nufin an sake tayar da na'urar don ta yi shiru, 153 an maimaita wani aiki, 11 kuskure a wajen mai sarrafa faifan. Lamba 7 kuwa gurbi ne ya lalace, wannan ta faifai ce.

Mataki na biyu: wuta kafin bayanai

Sau da yawa abin da ake kira matsalar wayar bayanai, yunwar wuta ce. Kunna kwamfuta ka ɗora yatsa a bayan faifan. Faifai mai juyawa yana da ɗan kaɗawa da ake ji. Idan ya fara juyawa ya tsaya, ya sake farawa ya tsaya, wutar ce ba ta isa. Babban faifai mai inci 3.5 yana buƙatar bolt 12 don injinsa da bolt 5 don allonsa, kuma lokacin tashi ne ya fi zuƙar wuta. A tsohon fulogi mai rami huɗu, wayar rawaya ce 12, ja ce 5, baƙaƙen biyu na ƙasa ne. Gwada da mita: abin da aka yarda da shi kashi 5 cikin ɗari ne sama ko ƙasa, wato 11.4 zuwa 12.6, da 4.75 zuwa 5.25. Ramukan wannan fulogin suna buɗewa da tsufa har su daina kama fil sosai, sai faifai ya riƙa ɗaukewa idan an girgiza tebur.

Kada ka jera faifai biyar ko shida a kan reshe ɗaya ta hanyar rarraba waya. Kuma idan akwatin wutar kwamfutarka irin wanda ake cire wa wayoyi ne, kada ka ari wayar wani kamfani ka soka, ko da bakin ya shiga daidai. Tsarin fil ɗin ɓangaren akwatin ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, bolt 12 na iya sauka inda 5 ya kamata, faifai ya ƙone nan take.

Wani tarko na zamani: wasu manyan faifan SATA suna bin sabon ƙa'idar da ta mayar da fil na 3 na fulogin wuta ya zama umarnin kashewa. Tsohon akwatin wuta yana aika bolt 3.3 ta wannan fil, sai faifan ya ɗauka an ce ya kwanta, ya ƙi juyawa sam, alhali lafiyarsa ƙalau. Ana rufe fil ɗin da ɗan siririn salatif mai jure zafi, ko a ba shi wuta ta adafta daga fulogi mai rami huɗu, wanda ba shi da 3.3 ko kaɗan. In za ka sayi irin adaftar, nemi wadda aka datse wayoyinta a jere ana ganinsu. Wadda aka narka wa roba a kai ta yi ƙaurin suna wajen kamawa da wuta.

Mataki na uku: idan SCSI ne, zauna ka ɗauki biro

A nan ne maganar tamineta take, kuma a nan za mu daɗe. SCSI ya samu ƙa'idarsa ta farko a 1986, kuma har yau ana cin karo da shi a tsofaffin saba (kwamfutocin da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima), na'urorin tef, sikana, kayan ɗakin haɗa sauti, injinan masana'antu da tsofaffin Macintosh. Duk na'urorin suna rataye ne a kan layi ɗaya, kamar sarƙa. Sigina na gudu a cikin waya da kusan kashi biyu bisa uku na gudun haske, idan ya kai ƙarshen da aka bari a buɗe sai ya dawo baya, kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya. Wannan da ya dawo sai ya yi karo da sabon da ke tafe, na'ura ta karanta ɗaya a inda aka aiko sifili. Tamineta ɗan tarin resisto ne, wato ƙananan kayan lantarki masu rage gudun wuta, da ke shanye siginar a ƙarshen layi don kada ta dawo.

Dokar ɗaya ce: tamineta biyu, ɗaya a kowane ƙarshen layin, babu ko ɗaya a tsakiya. Ba uku ba, ba ɗaya ba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne layin da aka karya wa doka yakan yi aiki na wani lokaci. Da faifai ɗaya da gajeriyar waya, komai na tafiya. Ranar da aka ƙara sikana ko aka sa doguwar waya sai asiri ya tonu, a ɗora wa sabuwar na'urar laifi.

Zana layin a takarda, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kowace na'ura da lambar da ake gane ta da ita a layin, da ko taminetarta a kunne take. Katin SCSI ɗin, wanda ke haɗa layin da kwamfuta, shi ma na'ura ce a kan layin. Idan wayar ciki kawai ka yi amfani da ita, ko ta waje kawai, katin yana ƙarshe, taminetarsa a kunne. Idan ka yi amfani da duka biyun, katin ya koma tsakiya, dole a kashe tasa, ƙarshen biyu su zama faifan ƙarshe na ciki da na'urar ƙarshe ta waje. A katunan Adaptec ana danna Ctrl da A lokacin tashin kwamfuta a shiga saitin. Yawancinsu suna da zaɓin gane wa kansu, amma idan ana cikin neman matsala na fi son in saita da hannu, don in san abin da ke nan.

"Ƙarshe" ana nufin ƙarshen waya na zahiri, ba na'ura mai babbar lamba ba. Idan waya mai faɗi tana da baki biyar kana da faifai biyu, wanda ke ɗauke da tamineta ya zauna a baki na ƙarshe. Bakunan tsakiya su zauna babu komai, ba laifi. Amma jelar waya da ke reto a bayan tamineta ita ce rijiyar amsa-kuwwar da ake gudu.

Sai ka bi na'urorin tsakiya ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar babu mai ɓoyayyiyar tamineta. Tsofaffin faifai suna da jerin resisto guda biyu ko uku da ake zarewa kusa da bakin waya. Na bayansu suna da ɗan jampa, wato ƙaramar hula da ake sokawa ta haɗa fil biyu, sau da yawa an rubuta TE a gefensa. Na'urorin waje kuma maɓalli ne a baya. Faifan da aka ciro daga wata kwamfuta inda shi kaɗai ne a layi kusan kullum yana zuwa da tasa a kunne. Tamineta uku a layi suna danne siginar har na'ura ta kasa jan ta ƙasa yadda ya kamata.

Tamineta kala-kala ce. Tsohuwar, mara inji, resisto ne mai om 220 zuwa wuta da mai om 330 zuwa ƙasa a kan kowane layi, abin da ke ba da kusan om 132. Ta wadatar a zamanin megabait 5 a daƙiƙa. Mai inji tana da abin daidaita wuta a bolt 2.85 da resisto mai om 110, wanda ya fi dacewa da wayar kanta. Daga Fast SCSI zuwa sama, mai inji za ka sa a ƙarshen biyu. Idan ka tarar da tsohuwar a layin Ultra, ka ga ɓarawonka.

Ita tamineta da wuta take aiki, kuma wutar tana zuwa ta wani fil a cikin wayar da ake kira TERMPWR. Aƙalla na'ura ɗaya ce za ta bayar, yawanci katin. Ana kare layin da fiyus, kuma fiyus ɗin kan tafi idan an soka waya da wuta a jiki. Alamarsa ita ce komai ya ɓace gaba ɗaya, ko layin ya yi aiki sai in wata na'ura takamaimai tana kunne. Sa mita tsakanin wannan fil da ƙasa: fil na 26 ne a waya mai faɗi mai fil 50, na 38 a bakin waje mai fil 50, na 25 a bakin DB25, sannan 17 da 18 da 51 da 52 a mai fil 68. Ya kamata ka ga tsakanin bolt 4.25 da 5.25. Yi a hankali da bakin mitar kada ya haɗa fil biyu. Idan babu wuta, yawancin faifai suna da jampa mai alamar TP da ke sa su bayar da ita.

Lambobi kuma: siririn layi mai fil 50 yana ɗaukar 0 zuwa 7, mai faɗi mai fil 68 yana ɗaukar 0 zuwa 15. Katin yakan riƙe 7 don ita ce ta fi kowa fifiko. Jampojin lamba ƙimarsu 1 da 2 da 4 da 8, ana tara su ne, wato lamba 5 jampa na 1 da na 4. Na'ura biyu a lamba ɗaya, ko ɗaya ta ɓace ko duka biyun. Idan kuwa ka ga faifai ɗaya ya bayyana sau bakwai a jerin tashi, a kowace lamba, ba aljanu ba ne, an ba shi lambar katin ne. Wasu na'urori ba su da zaɓi da yawa, faifan Zip na kamfanin Iomega, mai bakin SCSI, lamba 5 ko 6 kawai yake karɓa, don haka shi ake fara ba wa wuri sannan a raba wa saura.

Yanzu ɗauko abin awo. Tsohon SCSI yana kai mita 6. Fast SCSI mita 3. Ultra SCSI mita 3 idan na'urorin ba su wuce huɗu ba, mita 1.5 idan sun fi haka. Nau'in LVD, wato Ultra2 da Ultra160 da Ultra320, yana kai mita 12. Tsawon na layin duka ne daga tamineta zuwa tamineta, har da wayar da ke naɗe a cikin kwamfuta da guntayen da ke cikin akwatunan waje. Waɗannan na ɓoye su ake mantawa da su. Hanya mai sauƙi ta gane ko tsawo ne matsalar: shiga saitin katin ka rage gudun na'urar zuwa megabait 10 ko 5. Idan kurakurai suka ɗauke, faifan lafiya yake, layin ne ba ya iya ɗaukar gudun.

Akwai tsarin lantarki uku da bakinsu kan yi kama. SE shi ne na gama-gari na da. LVD shi ne na baya, kuma yawancin na'urorinsa suna iya komawa SE. To amma na'urar SE guda ɗaya tak, ko tamineta ta SE, tana jan layin duka ya koma SE: gudu ya faɗo zuwa megabait 40 a mafi yawa, iyakar tsawo ta faɗo daga mita 12 zuwa 3 ko 1.5. Wayar da ta yi daidai jiya ta zama ta yi tsawo yau. Wasu taminetocin suna da ɗan fitila da ke nuna yanayin da layin yake ciki, duba ta. Na ukun shi ne HVD, mai kai mita 25, wanda ba ya haɗuwa da kowa. Haɗa shi da sauran na iya ƙona kaya, don haka karanta tambarin da ke jikin soket kafin ka soka. Ka kuma sani faifan LVD galibi ba su da tamineta a jikinsu. Tana kan wayar ne, ɗan ƙulli a can ƙarshe. Masu fil 80 na saba kuwa, allon da suke shiga shi ke ba su wuta da lamba, shi ke rufe layin.

Wurin da ko gwanaye ke tuntuɓe shi ne haɗa mai faɗi da siriri. Layi mai fil 68 yana da ƙarin layukan bayanai takwas da na tantancewa ɗaya. Idan ka rage shi zuwa 50 da adafta, waɗannan taran sun ƙare a wurin, kuma suna buƙatar tasu taminetar a daidai nan. Adafta mai araha ba ta da ita. Alamar: siraran na'urori suna aiki, masu faɗin suna ta kuskure. Haka idan kati yana da waya mai 68 a baki ɗaya da mai 50 a ɗayan, saitin shi ne a kashe ta ƙananan layuka a bar ta manyan a kunne, domin manyan a katin suka ƙare. Katin da ke da baki uku a layi ɗaya, irin AHA-2940UW, biyu kawai ake amfani da su a lokaci guda. Layin SCSI ba ya reshe.

Bakin DB25 na tsofaffin Mac kamarsa ɗaya da na firinta. Kada ka soka wannan a wancan, kuma kada ka yi amfani da wayar firinta a matsayin ta SCSI. Bakuna masu fil 68 kuma fil ɗinsu siriri ne kamar gashi. Haska tocila a ciki. Fil ɗaya da ya lanƙwashe ya kwanta ya isa ya hana ka barci, kuma ana iya miƙe shi a hankali da bakin fensir mai cin tsinke idan an zare tsinken.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, rushe sarƙar. Bar kati, da gajeriyar waya ɗaya da ka yarda da ita, da na'ura ɗaya, da tamineta. Kunna na'urar waje tukuna, ka ba ta daƙiƙu ta tashi, sannan kwamfuta. Idan ta bayyana, kwafi babban fayil ka gani. Sai ka kashe, ka ƙara na'ura ɗaya, ka matsar da tamineta zuwa sabon ƙarshe. Abu ɗaya a kowane zagaye. Na san yana cin rai, na taɓa canza waya da tamineta da lamba a tashi ɗaya don sauri, abin ya yi aiki, bayan mako ya dawo, kuma ban san wanne daga cikin ukun zan zarga ba.

Mataki na huɗu: IDE

Wannan ba shi da tamineta da za ka saita, nasa rikicin na jampa ne. Waya ɗaya faifai biyu, ɗaya babba ɗaya mabiyi, ko kuma duka biyun a sa su a CS, waya ta raba musu matsayi. Kada a gauraya tsarin biyu. Faifan Western Digital da yawa suna da saiti dabam na zama shi kaɗai, wanda yawanci cire jampa ne gaba ɗaya. Idan ka bar shi a matsayin babba alhali babu mabiyi, kwamfuta kan daɗe tana jira ko ta ƙi ganinsa.

Gefen waya mai jan layi shi ne fil na 1, kuma a faifai yana fuskantar fulogin wuta. Tsawo kada ya wuce inci 18, kusan santimita 46. Duk gudun da ya haura megabait 33 yana buƙatar waya mai silli 80, duk da cewa bakinta fil 40 ne. Ƙarin sillayen na ƙasa ne, suna raba siginoni kada su shiga juna. Shuɗin baki na madabod, wato babban allon kwamfuta, baƙi na can ƙarshe na babba, ruwan toka na tsakiya na mabiyi. Faifai ɗaya tak, a ƙarshe zai zauna, saboda dalilin amsa-kuwwar nan dai. Idan Windows XP ya koma tafiyar hawainiya bayan ka gyara waya, duba ko ya saukar da tashar IDE ɗin zuwa PIO, tsohon yanayi mai jinkiri, saboda kurakuran baya. Cire tashar a cikin manajan na'urori ka sake tayar da kwamfuta, zai gane ta sabuwa.

Mataki na biyar: SATA da SAS

Tun da SATA ya shigo a 2003, kowane faifai da wayarsa, taminetar tana cikin guntun lantarkin, babu jampa babu lamba. Abin da ya rage shi ne baki. Wayar bayanai fil 7 ce, iyakarta mita 1, kuma bakin ciki an ƙera shi ne don sokawa da cirewa kusan sau 50 kawai. Yana saki, robarsa tana tsagewa, murfin akwati yana danne shi. Cire, duba harshen robar da ke jikin faifan ko ya tsage, mayar har ka ji ya zauna. Mai ƙugiyar ƙarfe ta fi. Kada a naɗe wayar a lanƙwasa ta kamar takarda, kuma kada a ɗaure ta tamau.

Gwajin musanya a nan yana da sauƙi, in dai an bi shi da tsari. Canza waya kawai, bar soket. Idan 199 ta ci gaba da hawa, canza soket a madabod, bar sabuwar wayar. Idan har yanzu, canza reshen wuta. Idan matsalar ta bi faifan zuwa wata kwamfuta da wata waya, to yanzu kam ka samu hujja a kansa. Ka kuma leƙa littafin madabod: a wasu, sa faifan M.2, ɗan siririn da ake sokawa kai tsaye a jikin madabod, yana kashe soket ɗaya ko biyu na SATA, sai mutum ya yi ta canza waya a kan soket ɗin da aka rufe da gangan.

SAS ɗan'uwan SCSI ne da ya gaje shi a saba, shi ma ba a sa masa tamineta. Katin SAS yana karɓar faifan SATA, amma soket ɗin SATA ba ya tuƙa faifan SAS. Babban tarkonsa wayar da ke rabewa huɗu. Iri biyu ce masu kama ɗaya sak: wadda ke tashi daga baki ɗaya na kati, irin SFF-8087 ko SFF-8643, zuwa faifai huɗu, da wadda ke tattaro soket huɗu na madabod zuwa baki ɗaya na allon faifai. Idan aka sa wannan a wurin waccan babu abin da zai ƙone, amma ko faifai ɗaya ba za a gani ba. Ga faifan SAS, smartctl -l sasphy yana nuna ƙididdigar kurakuran hanya. Idan rami ɗaya ne ke tara su ko wane faifai aka sa masa, reshen wayar ne ko allon.

Mataki na shida: faifan USB

Soket ɗin USB 2.0 yana ba da miliamfa 500, na 3.0 yana ba da 900. Ƙaramin faifai mai inci 2.5 yakan nemi fiye da 500 lokacin tashi, shi ya sa yake ƙas-ƙas a wani soket ya yi lafiya a wani. Soka shi kai tsaye a bayan kwamfuta, ba a gaba ba, ba ta abin rarraba soket (hub) mara wutar kansa ba, da gajeriyar wayarsa ta asali. Babba mai inci 3.5 dole sai da tasa cajar mai bolt 12, kuma cajar kan raunana da shekaru, fitila na ci amma faifai ba ya juyawa. Wayoyin USB-C da yawa da ke zuwa da wayar hannu na caji ne, gudunsu bai wuce na USB 2.0 ba, megabit 480, don haka SSD, faifan da ba ya juyawa, mai sauri zai yi ta rarrafe a kansu. Idan ka canza waya da soket da caja abin bai canza ba, sau da yawa ɗan allon da ke cikin akwatin ne ya gaza. Buɗe akwatin ka haɗa faifan kai tsaye da SATA, sai dai wasu ƙananan an haɗa musu bakin USB a jikin allonsu, wasu akwatunan kuma suna sirranta bayanai ta yadda ba za su karantu a waje ba. Idan kwamfuta ta ce a yi masa fomat, wato a share shi a sake tsara shi, kada ka yarda.

Mataki na ƙarshe: tabbatar da gyaran

Ganin faifai a jeri ba shaida ba ce. Rufe akwatin yadda zai zauna kullum, domin murfi na iya danne waya, zafi kuma na buɗe bakin da ya saki. Mayar da gudun SCSI ɗin da ka rage. Sannan ka ba layin aiki mai nauyi na awa ɗaya ko biyu: karanta faifan duka, ko kwafi manyan fayiloli ka gwada lissafin sha256, wato lambar da ke nuna ko fayil ya canza, na asali da na kwafin. Idan na'urori da yawa ne a layi ɗaya, sa su aiki tare, don a lokacin ne raunin wuta da na tamineta ke fitowa. Bayan haka koma ga takardarka: lamba 199 tana inda ka bar ta? Kundin kurakurai ya yi shiru? Kashe kwamfutar ta huce, ka kunna da sanyi ka sake dubawa sau ɗaya.

Wayar da ka kama da laifi, yanke ta da almakashi kafin ka jefar, don kada ta koma cikin kwalin kayan gyara. Zanen layin SCSI ɗin kuma, da lambobi da wurin tamineta, manna shi a cikin murfin akwatin.